Rijiyar da Duniya Ke Sha, Wa Zai Yashe Ta?

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ba ɗan Adam hankali, Ya hore masa ƙarfe da wuta da iska, kuma Ya yi alkawarin tambayarsa a kan duk abin da Ya damƙa masa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku iyayena, ya ku 'yan'uwana maza da mata, ya ku matasa, ina yi mana wasiyya da tsoron Allah a kan amana. Mun san amanar kuɗi, mun san amanar maraya, mun san amanar sirri. Yau ina so in tuna mana da wata amana da ba a saba jin ta a bakin mai wa'azi ba, alhali da ita muke kwana, da ita muke tashi, da ita ake biyan albashinmu, da ita ake ƙirga marasa lafiyarmu. Ku ba ni aron hankalinku, ko da farkon maganar ya yi muku kama da zancen 'yan boko.

Kusan babu wanda ya zauna a nan sai da waya a aljihunsa. Wayar nan ƙarfe ce da gilashi, ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta mata. Wannan rubutun, umarni bayan umarni, layi bayan layi, shi ake kira manhaja. Manhaja kuwa iri biyu ce. Akwai wadda mai ita ya kulle rubutunta, ya sayar maka da izinin amfani kawai: ba ka ganin cikinta, ba ka gyara ta, ba ka ba maƙwabcinka. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda marubutanta suka baje rubutun a fili, suka haɗa da lasisin da ya yarda kowa ya karanta, kowa ya gyara, kowa ya kwafa ya miƙa wa wani. Richard Stallman ne ya ɗaga tutar wannan tafarki a Amurka a 1983. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya saki abin da ya zama Linux. A kan Linux ɗin nan aka gina Android, wato manhajar wayar da ke hannun mafi yawanmu. Tun 2017, kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya, babu ɗaya a cikinsu da ba Linux take amfani da ita ba. Bankin da ke tura maka saƙon shigar kuɗi, da kamfanin da ke ba ka layin waya, da shafin da ɗanka ke duba sakamakon jarrabawa, a ƙarƙashinsu akwai tarin irin wannan rubutu na kyauta. Masu bincike a jami'ar Harvard sun ƙiyasta a 2024 cewa da kamfanoni za su sake rubuta wa kansu buɗaɗɗun manhajojin da suke amfani da su, da sun kashe dala tiriliyan 8.8.

'Yan'uwa, kun san labarin rijiyar Ruma a Madina. Ruwa ya yi wuya, mai rijiya yana sayarwa, talaka yana ƙishi. Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya saye ta da dukiyarsa ya bar wa jama'a, gugansa daidai da gugan kowa. Ƙarni goma sha huɗu ke nan ana ambatonsa da wannan alheri. To buɗaɗɗiyar manhaja rijiya ce irin wannan, wadda aka haƙa aka cire mata ƙofa. Amma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san haƙa rijiya rabin aiki ne. Rijiya tana cikewa da ƙasa, bakinta yana zaftarewa, ƙazanta tana faɗawa. In ba a yashe ta ba, wata rana guga zai fito da laka. In ba a tsare bakinta ba, wata rana maƙiyi zai zuba mata guba. Duniya duka tana jan ruwa. Wa ke yasa? Wa ke gadi?

Ku saurara ku ji amsar da tarihi ya bayar.

Akwai manhaja mai suna OpenSSL. Aikinta ta lulluɓe sirri tsakaninka da shafin da kake magana da shi, don kada wani a hanya ya karanta kalmar sirrinka ko lambar katinka. A watan Afrilu na 2014 aka gano ɓaraka a cikinta, aka sa mata suna Heartbleed. Kuskure ne ɗan ƙarami da ya shiga rubutun ya zauna kimanin shekara biyu ba wanda ya lura. Kusan shafuka rabin miliyan da ake ɗauka amintattu ne suka wayi gari ƙofarsu a buɗe. A Kanada an sace lambobin shaidar mutane 900 daga hukumar haraji. Da ƙura ta lafa aka waiwaya a ga su wa ke kula da wannan manhaja da bankuna da gwamnatoci suka jingina da ita, sai aka tarar da 'yan mutane ƙalilan, mutum ɗaya ne kawai a cikinsu ya maida ita cikakken aikinsa, gudummawar da ke shigo musu kuwa kimanin dala 2,000 ce a shekara. Dala dubu biyu, jama'a! Kamfanonin da ke cin ribar biliyoyi a kanta ba su ji kunya ba, gwamnatocin da ke karɓar haraji ta cikinta ba su ji nauyi ba, sai da gobara ta tashi aka fara tara kuɗi.

A Disamba 2021 aka sake yi da Log4j, wata ƙaramar manhaja da 'yan sa-kai ke riƙe da ita a ƙarƙashin gidauniyar Apache. Masu kutse suka yi mata rubdugu cikin sa'o'i, 'yan sa-kan suka hana idonsu barci suna gyara, mutane na zaginsu kamar an ɗauke su aiki. Hukumar binciken da gwamnatin Amurka ta ɗora wa alhakin duba lamarin ta ce raunin zai iya ci gaba da ɓoyuwa a cikin na'urori shekara goma ko fiye.

Na uku shi ne ya fi girgiza zuciya, don akwai darasin ɗan Adam a cikinsa. Wata manhajar matse bayanai ce mai suna xz, tana cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana ɗauke da ita, ba albashi, ba mataimaki, har gajiya ta cim masa, ya fito fili ya faɗa. Sai ga wani da ba a san fuskarsa ba, yana kiran kansa Jia Tan, ya zo da fara'a yana taimako. Wasu sunaye kuma suka taso suna matsa wa mai kulawar lamba, suna cewa ya yi sanyi, ya ba wani dama. Baƙon ya yi kimanin shekara biyu yana aikin kirki har aka amince masa, aka ba shi makulli. Daga nan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa wadda da ta bazu, da ta ba shi hanyar shiga kwamfutoci marasa adadi a duniya. Allah Ya kiyaye. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa. Bai ƙyale ba, ya bi diddigi, ya tono makircin kafin ya kai ga jama'a. Ku lura da abu biyu. Da rubutun a kulle yake, da ba shi da hanyar tonawa. Da kuma an tallafa wa mai kulawar tun farko, an ba shi abokan aiki sanannu, da maƙiyi bai sami gajiyayyen mutum shi kaɗai a bakin rijiya ba. Buɗewar ce ta cece mu, sakacin ne ya kusa halaka mu.

Ya ku bayin Allah, malamanmu sun karantar da mu cewa wajibi iri biyu ne. Akwai wanda ke kan kowa a ƙashin kansa, akwai kuma farillar da ke kan al'umma gaba ɗaya: in wasu sun tsaya da ita kowa ya kuɓuta, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa ilimin likitanci da na lissafi a cikin wannan rukuni, har da sana'o'i irin noma da saƙa, saboda rayuwar mutane ba ta tsayuwa sai da su. To a yau asibiti ba ya tsayuwa sai da manhaja, banki ba ya tsayuwa sai da manhaja, biyan ma'aikata ba ya tsayuwa sai da manhaja. Abin da wajibi ba ya cika sai da shi, ai shi ma ya shiga sahun wajibi. Kuma abin da ya zama na kowa, wanda ba mutum ɗaya da zai ce nawa ne, a wuyan hukuma yake rataye. Don haka aka kafa baitulmali. Don haka ake karɓar haraji. Hukumar da ke gyara gada ba ta jira direbobi su yi karo-karo, ba ta da hujjar barin abin da duk ayyukanta suka hau kansa a hannun 'yan sa-kai masu aiki da dare bayan sun taso daga neman abinci.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce, su ƙarata can. Wallahi muna cikin masu sha, kuma muna sha da babban guga. Ma'aikaciyar lafiya da ke zaune a ƙaramin asibitin ƙauye tana cike takardar wata, yara nawa aka yi wa riga-kafi, mata nawa suka haihu, mutum nawa zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, ina alƙaluman nan suke tafiya? Cikin wata buɗaɗɗiyar manhaja suke shiga mai suna DHIS2. Najeriya da ita take aiki, Nijar da ita take aiki, Gana da ita take aiki, tare da ƙasashe fiye da 70. Tushenta a Afirka ta Kudu yake, a shekarun 1990, jami'ar Oslo ce ke jagorancin renonta, kuma harajin mutanen Norway na cikin kuɗin da ya raya ta. Talakan wata ƙasa mai nisa ya biya, 'ya'yanmu suna amfana. Mun taɓa tambayar kanmu mene ne namu kason?

Ga kuma abin da zai faranta muku rai. Bayan cutar Ebola ta shigo Legas a 2014, ma'aikatan lafiyarmu, da cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, da masana daga cibiyar Helmholtz ta Jamus, suka haɗu suka samar da manhajar bin sawun annoba mai suna SORMAS. Aka buɗe rubutunta ga kowa. Gana ta ɗauka. Da annobar korona ta zo a 2020, Jamus da kanta ta ɗauki wannan manhaja da aka gina don bukatar Najeriya, ta sa a ofisoshin lafiyarta. Kun ga albarkar abin da ba a kulle ba: alheri ya fita daga hannunka, ya zaga duniya, ya amfani wanda ba ka taɓa gani ba. Wanda ya yi da kyakkyawar niyya, wannan ita ce sadakar da ladanta ba ya yankewa ko bayan an binne mutum.

Yanzu bari in juyo kan ɗaya ɓangaren, wanda ya fi kusa da aljihunmu. Hukuma tana ba da kwangila a rubuta mata manhaja: ta biyan albashi, ta karɓar haraji, ta rajistar filaye, ta ɗaukar ɗalibai. Da kuɗin wa ake biya? Da kuɗin mai sayar da ƙosai, da kuɗin ɗan acaɓa, da kuɗin manomi. Sai ɗan kwangila ya karɓi kuɗin, ya kawo manhajar, ya riƙe rubutun a aljihunsa. Gobe in ana son ƙaramin gyara, sai shi, a kan farashin da ya ga dama. In ya mutu ko kamfaninsa ya rushe, aiki ya tsaya cak. In sabuwar gwamnati ta zo, a watsar da tsohuwa a sake ba da sabuwar kwangila. Jiha ta biya, maƙwabciyarta ta sake biyan abu iri ɗaya, ta uku ta sake biya, a ƙasa mai jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Me za ku kira wannan in ba almubazzaranci da dukiyar jama'a ba? Abin da aka saya da kuɗin al'umma mallakar al'umma ne. Wanda ya biya ya kamata ya riƙe makulli.

Haka kuma lasisin manhajojin waje, da dala ake biyansa, shekara bayan shekara. Kun ga abin da ya sami naira daga Yuni 2023: dalar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a cikin 2024. Duk ma'aikatar da ke biyan haya a kan manhaja ta ga kuɗin hayarta ya ninka ba tare da an ƙara mata komai ba. Mai haya kuwa ba ya da ta cewa. A Oktoba 2019 kamfanin Adobe ya sanar da mutanen Venezuela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin Amurka; daga baya aka sassauta, amma kowa ya ga inda igiyar take. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa, irin na hannu da suka cika kasuwanninmu da makarantunmu, ba sa iya ɗaukar sabuwar. Na'ura lafiyayya, an yanke mata hukunci daga wata nahiya. Ba ina zagin kamfanonin nan ba ne. Ciniki halal ne, kowa da dokar ƙasarsa da lissafin ribarsa. Laifin na wanda ya ɗauki bayanan al'ummarsa ya zuba a akwatin da ba shi da makullinsa.

Wani ɗan majalisa a ƙasar Peru, Edgar Villanueva, ya gane wannan tun 2002. Ƙasarsa ba mai arziki ba ce. Ya kawo ƙudurin doka a kan amfani da buɗaɗɗiyar manhaja a ma'aikatun gwamnati, reshen Microsoft na ƙasar ya rubuto yana suka, shi kuma ya mayar da amsar da ta zaga duniya. Bai kafa hujjarsa a kan araha ba. Ya kafa ta a kan cewa ɗan ƙasa yana da haƙƙin isa ga bayanan hukumarsa, bayanan nan dole su dawwama ba tare da jiran yardar wani ɗan kasuwa ba, kuma tsaron ƙasa ba ya yiwuwa da abin da ba a iya duba cikinsa. In kun cire sunan Peru, ai maganar amana ce tsantsa.

Wasu ƙasashe sun riga sun farka. Majalisar Switzerland ta yi doka a 2023, ta fara aiki a farkon 2024, wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya su buɗe rubutun manhajar da suka gina ko aka gina musu, sai fa inda tsaro ko haƙƙin wani ya hana. Jamus ta kafa asusu na musamman a 2022 don biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji da kowa ke dogaro da su, ko da ba Jamusawa ba ne. Cikin shekara biyu ta zuba fiye da Yuro miliyan 20, kuma Log4j ɗin nan na cikin waɗanda suka samu. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci 30,000 na ma'aikatanta kan buɗaɗɗiyar manhajar ofis ta LibreOffice da Linux. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe da ɗora makarantun gwamnati a kan buɗaɗɗiyar manhaja, yaranta suna tasowa suna ganin cikin abin da suke amfani da shi.

Amma mai wa'azi ba ya ɓoye rabin gaskiya. Birnin Munich na Jamus ya yi shekaru kusan goma yana mayar da kwamfutoci kimanin 15,000 kan Linux, ya kammala a 2013, sai shugabanci ya canza, a 2017 majalisar birnin ta yanke a koma Windows. Abin da aka gina a kan ra'ayin shugaba ɗaya, shugaba na gaba yana iya rushe shi. Abin da ba a horar da ma'aikata a kansa ba, ƙorafinsu yana iya kayar da shi. Shi ya sa muke cewa doka, shi ya sa muke cewa kasafi. Kuma doka ma sai an yi ta da ilimi. Da Tarayyar Turai ta fito da daftarin dokar tsaron na'urori a 2022, gidauniyoyin buɗaɗɗiyar manhaja suka yi kuka cewa za ta ɗora wa ɗan sa-kai alhakin da ya kamata ya hau kan kamfanin da ke cin riba. Aka saurare su, aka gyara kafin ta zama doka a 2024. Wanda ya yi kyauta ba a kai shi kotu a kan kyautarsa.

Na san akwai mai cewa a zuciyarsa: Malam, mutane na kwana da yunwa, kai kana zancen manhaja. Ɗan'uwana, ina tare da kai a kan yunwar. Amma kuɗin da ake biya sau goma a kan abu ɗaya, daga bakin mai yunwar aka cire shi. Akwai mai cewa in an buɗe rubutu ɓarawo zai gani. Ɓarawo yana nemo rauni ko an kulle ko ba a kulle ba. Abin da kullewa ke hanawa shi ne idon mai gaskiya. Kuma ku bambance: rubutun manhaja ake buɗewa, ba sunayenku da lambobinku da sirrin rashin lafiyarku ba, waɗannan amana ce daban da dole a tsare. Akwai kuma mai cewa, da gaskiyarsa, duk asusun da aka buɗe a ƙasar nan sai ya zama wurin kashe-mu-raba. To a nan ne buɗewa take da daɗi. Kwangilar da aka ce an yi a ɓoye, ba mai iya musawa. Aikin da doka ta ce a baje a fili, ɗalibin jami'a a Zariya ko Maiduguri ko Damagaram yana iya buɗewa ya ga ko layi dubu aka rubuta ko babu komai. Wanda ya ci kuɗi bai yi aiki ba, rubutun da babu shi zai tona shi.

Don haka, ya ku masu riƙe da madafun iko, 'yan majalisar tarayya da na jiha, kwamishinoni da manyan sakatarori, Allah Ya taimake ku, ku ji da kyau. Kowane shugaba makiyayi ne, kuma za a tsayar da shi a tambaye shi. Za a tambaye ku kwabo da sisi, za a tambaye ku sa hannun da kuka yi, za a tambaye ku makullin da kuka miƙa. Ku yi doka: duk manhajar da aka gina da kuɗin jama'a, rubutunta ya zama na jama'a, a ajiye shi inda kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma za ta ɗauka ba tare da sake biya ba, in ban da abin da ya shafi tsaro na haƙiƙa, shi ma a rubuta dalili. Ku yi doka: kafin ma'aikata ta sayi rufaffiyar manhaja, ta nuna a rubuce cewa ta duba buɗaɗɗiya ba ta sami mai biyan bukata ba. Ku yi doka: takardun hukuma su kasance cikin tsarin da kowace manhaja ke iya buɗewa, don jikokinmu su karanta takardar filin kakansu ba sai sun nemi izinin kowa ba. Kuma ku ware kuɗi. Ba sabon abu muke roƙo ba: dokar hukumar NITDA ta 2007 ta riga ta kafa asusun raya fasahar sadarwa, a lokacin ta ɗora wa bankuna da kamfanonin waya da makamantansu kashi 1 cikin 100 na ribarsu. A yanki wani kaso sananne na kuɗin raya fasaha a biya 'ya'yanmu albashi su kula da manhajojin da asibitocinmu suka dogara da su, su gyara, su fassara su zuwa harsunanmu, su mayar wa duniya da abin da suka gyara. Al'ummar da kullum hannunta ke ƙasa tana karɓa ba ta da murya ranar da ake yanke shawara.

Ya ku attajiranmu, Allah Ya ƙara buɗi. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyin burtsatse, Allah Ya karɓa. Ga wata ƙofar lada da babu cunkoso a bakinta. Ba zakka nake nufi ba, zakka tana da masu ita da aka ƙayyade. Wakafi nake nufi, da sadaka. Shago ɗaya da aka tsayar, kuɗin hayarsa yana biyan matashi ɗaya da ke kula da manhajar rajistar marasa lafiya ko ta makarantun Islamiyya, duk wanda ya amfana kana da rabo kana cikin kabarinka. Hukumomin zakka da wakafi na jihohinmu su duba wannan. Malamanmu na fiƙihu su zauna da masana kwamfuta su fitar mana da hukunce-hukuncensa dalla-dalla, don mazhabarmu ta Malikiyya ba baƙuwa ba ce ga duba maslahar jama'a a cikin sabon al'amari.

Ya ku matasa masu ilimin kwamfuta, 'ya'yana da ƙannena, maza da mata, maganata da ku ta fi zafi don ku kuka fi sani. Har yaushe za ku riƙa loda wa mutane kwafin sata, alhali ga na halal kyauta a gabanku? Mai manhaja ya ce kada a kwafa sai an biya, kun fasa kun kwafa, kun ci haƙƙinsa, kun kuma buɗe wa masu kutse ƙofar kwamfutar wanda ya amince da ku. Wani kuma ya ce ɗauki, na yafe, kun wuce shi. Har yaushe za ku riƙa ɗiba ba ku zubawa? Kun ga kuskure a manhaja, ku sanar da masu ita cikin ladabi. Kun iya gyarawa, ku gyara ku tura. Ba ku kai nan ba, ku fassara ta zuwa Hausa don mahaifiyarku ta iya amfani da ita. Kuma in kun rubuta wa mai kula da wata manhaja, ku tuna mutum ne mai iyali da gajiya, ba bawanku ba ne. Da yawansu ba addininmu ɗaya ba, amma sun yi mana alheri, kuma addininmu bai yarda a saka alheri da butulci ba.

Sauran mu kuma, da ba mu san bambancin wannan manhaja da waccan ba, muna da ƙuri'a, muna da baki. Ranar da ɗan majalisarku ya zo neman goyon baya, ko aka kira taron jin ra'ayin jama'a a kan kasafin kuɗi, ku tashi ku tambaye shi da ladabi: ranka ya daɗe, manhajar da jiha ta saya bara, nawa aka biya, rubutunta yana hannun wa, kuma in kamfanin ya tafi gobe albashin malaman makaranta zai fita? In bai da amsa, ku ba shi lokaci ya nemo, ku sa rana, ku koma.

Allah Ya shiryi shugabanninmu Ya haɗa su da mashawarta na gari, Ya saka wa duk mai yi wa jama'a hidima a ɓoye, Ya gafarta mana da iyayenmu. Amin.